Turancin Alhaji a Saman Bene

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makoma. Na faɗa ranar da aka sauko da mai gidana daga saman bene, kuma har yau ina ta faɗa, ko zuciyar za ta yarda da abin da bakin ke cewa.

Ni ban iya rubutu ba. Babbar 'yata ce zaune a gabana tana rubuta abin da nake faɗa, ni kuma ina cikin takaba a ɗakinmu na unguwar Sharafiyya a Jidda, inda na zauna da mahaifinta tun gashin kaina yana baƙi. Na ce ta rubuta saboda jikata da ke Isbaniya, wadda ba ta taɓa jin ƙamshin rigar kakanta ba. Wata rana wani zai karanta mata.

Masu gaisuwa sun cika mana lungu. An jera wa maza kujeru a waje, mata kuma har kan matakala. Abin da ya ba ni mamaki, kusan kowa da labari iri ɗaya ya zo. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da yaji ta riƙe hannuna tana hawaye tana dariya, ta ce, "Hajiya, ni fa mijinki ya taɓa mayar da ni gida da abayata a jiki, na yi ta zaginsa a zuci." Wani tsohon direba ya aiko a faɗa min cewa lungun nan ya rasa mai tsare masa ƙofa. Ƙanin Alhaji kuwa, wanda ba su rabu da daɗi ba, ya tsaya a bayan labule ya yi min gaisuwa, ya daɗe a wurin har na ɗauka ya tafi. Sai na ji ya ce, "Hajiya, don Allah, ya faɗa miki wani abu kafin ranar?" Na ce bai faɗa ba. Na ji takunsa yana sauka a hankali kamar mai ɗauke da kaya.

Ana cikin haka wata ta jingina da taga ta danne wayar Alhaji. Sai muryar wata mata ta tashi a tsakiyar ɗakin makoki, a natse, ta faɗi kalma da wani yare, ta dakata, ta sake faɗin wata da Turanci. Mata suka zabura. Wata ta ce, "A'uzubillahi, wace ce wannan?" 'Yata ta miƙa hannu za ta kashe. Na ce, "Bar ta ta gama. Malamarsa ce." Suka kalli juna, ba wadda ta tambaya. To, ga amsar tambayar da kunya ta hana su yi.

Alhaji ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya yi hajji ya zauna. Ƙarfinsa duk a cikin dabbobi ya ƙare, yana sauke tumaki daga jiragen ruwa yana kora su kasuwa. Da gwiwa ta gaji, ya koma kiwon tantabaru a saman benenmu. Ba mai yawan magana ba ne. Burodin tamis da waken ful da safe, shayi ba madara, kuma ban taɓa ganin ya zauna ya ba ƙofa baya ba.

Halin da kowa ya san shi da shi kuwa shi ne wannan. Zai sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ta riga ta fita, sai ya tsaya cak. Hannunsa na dama ya tafi ƙarƙashin haƙarƙarinsa ya dafe. In na ga haka nakan ajiye abin da ke hannuna. Sai ya ce, "Jikina bai ba ni ba." Halas, shi ke nan, fita ta ƙare, shi da duk wanda yake da iko a kansa.

Ƙaninsa mutum ne mai karatu, kuma abin yana ƙona masa rai. Yakan ce, "Yaya, wannan camfi ne. Gaibu na Allah ne."

Alhaji ya ce, "Na ce maka na san gaibu? Ɗan tunkiyar da aka haifa a cikin jirgi bai taɓa ganin kare ba, amma in ya ji warinsa sai ya shige ƙarƙashin uwarsa. Wane malami ya karantar da shi? Wanda ya sa masa nasa Shi ya sa min nawa. Kai ma kana da shi, surutu ne ya hana ka ji."

Shekarar da ruwa ya ci unguwanni a garin nan, ya hau bene da safe ya buɗe wa tantabaru, suka ƙi fita. Ya ga tururuwa na hawa bango da ƙwayayensu a baki. Ya sauko ya kira wannan da ke rubutu, tana shirin bin hanyar ƙarƙashin gada zuwa wurin aikinta, ya ce in ta fita bai yafe ba. Ta zauna tana ƙunƙuni. Abin da ya faru a ƙarƙashin gadar nan a ranar, mutanen Jidda sun sani, ba zan sa a rubuta ba. Ga ta nan dai a gabana, ta sunkuyar da kai.

Amma ba kullum ba ne, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Mun taɓa shirin ziyara Madina da maƙwabta. An kawo mota, na yi dambun nama, na ɗaure kaya, na sa turare. Muna bakin ƙofa hannun nan ya tafi haƙarƙari. Na ce, "Alhaji, Madina ce fa!" Ya ce, "Jikina bai ba ni ba." Mutane suka tafi, suka yi ziyararsu lafiya lau, suka dawo da dabino da na'ana'a, har ƙiba suka yi. Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Na cinye dambun ni kaɗai a gabansa, yana kallo. Lungu kuma ya sami abin yi. In ya fito sai a ce, "Alhaji, yau jiki ya ba da izinin zuwa masallaci?" Shi ya fi kowa dariya. Ya ce da ni, "Ki bar su, uwar yara. Dariyar nan ta fi min daɗi da a ce na yi gaskiya."

Akwai wani bawan Allah da ya zo umara ya zauna, yana dako a unguwar masana'antu, yana haya a ɗan ɗakin ƙarƙashin matakalarmu. Ba shi da takardar zama, don haka ƙofarsa kullum a rufe, ba wanda zai ce yana ciki ko ba ya ciki. Wata azahar muna cin abinci, Alhaji ya kai loma baki ya mayar. Ya sauka, ya ƙwanƙwasa, shiru, ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Ya tarar da shi kwance, zazzaɓi ya hana shi ko ɗaga murya. Ya goyo shi zuwa sama, na yi ta dama masa kunu har ya miƙe. Na tambaye shi ya aka yi ya sani. Ya ce, "Ban sani ba. Lomar ce ta ƙi wucewa." An faɗa min mutumin nan ne ya shiga kabari ya karɓi gawar Alhaji.

Yanzu sai maganar ɗanmu, namiji ɗaya da Allah ya ba mu. A nan aka haife shi, Larabci ya fi Hausa sauri a bakinsa. Yana aiki a kasuwar kifi, sai kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya rasu, iƙama, wato takardar zama, ta lalace. Wata safiya uban ya tare shi a ƙofa ya ce kada ya fita. Ya ce, "Yalla Abuya, kifi ba ya jiran mutum." A ranar aka kama shi. Aka kai shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka mayar da shi ƙasarmu ta asali da bai taɓa gani ba, kuma aka rufe masa ƙofar wannan. Ya sha yawo kafin ya tsaya a wani gari na bakin teku a Isbaniya, yana bin ƙananan jiragen kamun kifi. Ya auri 'yar can, yarinya mai fara'a, suka haifi 'ya mace. Ranar da aka nuna mana jaririyar a waya ta damƙe yatsan ubanta gam, Alhaji ya taɓa ni ya ce, "Kin gani? Wa ya koya mata?"

Cikin shekarar nan ɗanmu ya kira da murna. Ya sami gurbi a babban jirgi, irin wanda ke tafiya can tekun sanyi ya yi watanni bai dawo ba. Ya ce aikin zai gyara masa zama a ƙasar. Yana cikin magana na ga hannun Alhaji ya tafi haƙarƙari. A zaune yake, ba a bakin ƙofa ba. Tun da na aure shi ban taɓa ganin abin ya zo masa a zaune ba.

Ya ce, "Kada ka hau jirgin nan."

Yaron ya yi dariya. "Abuya, har ta waya ma? Kana Jidda, teku tana nan."

"Na ce kada ka hau."

"Ka tuna Madina?"

"Na tuna. Kai ka tuna kasuwar kifi?"

Sai Alhaji ya ce, "Ba ni matarka." Ta zo ta gaishe shi da Baba, kalmar da ta iya ke nan. Ya yi mata magana mai tsawo, ya ce ta riƙe mijinta, ya ce abin da ke zuwa masa bai taɓa yin nauyi irin wannan ba. Ɗanmu ya juya mata da yarensu a taƙaice. Ta yi murmushi, ta ɗaga mana hannu, ta sumbaci kan jaririya. Da aka kashe waya Alhaji ya ce, "Yaron nan ya cinye maganata a hanya."

Daga nan ne maganar Turanci ta taso. Surukarmu tana koyonsa don tana neman aiki a otal, kuma 'yata ma tana ɗan taɓawa. Ta ce, "Baba, faɗa min in rubuta mata." Ya ƙi. Ya ce, "Na gaji da tafinta. Irin wannan magana in ta bi ta bakin wani hucewa take yi. Sai ta ji daga bakina, tana kallon idona." Sai 'yata ta roƙi surukar ta turo wa Baba karatun Turanci. Ita kuma baiwar Allah ta turo wanda take amfani da shi, wanda aka yi wa masu jin yarensu. Shi ya sa malamar ke fara faɗin kalma da yaren Isbaniya kafin ta faɗa da Turanci. 'Yata ta ce a nemo na Larabawa. Ya ce a bar wannan, tunda shi surukarsa ke ji, shi ma shi zai ji. 'Yata ta lalubo masa darasin da ke magana a kan halin da ake haifar rai da shi, da sanin da ke zuwa ba da dalili ba, ta fassara masa, ya ce sauran darussan ba ya buƙata.

Kullum bayan ya karya sai ya hau bene da wayar, ya zauna a inuwar akurkin tantabaru har rana ta kore shi. Ina ƙasa ina jin su, ita ta faɗa, shi ya maimaita. Har ni na haddace ba da niyya ba. Instin, abin da dabba ke yi ba a koya mata ba. Inet, abin da aka haife ka da shi. Intuwishin, sanin da ke faɗo maka ba ka san ta inda ya shigo ba. In tantabara ta ɗura wa ɗanta abinci sai ya nuna ta ya ce, "Instin." In na hau da shayi bai riga ya nema ba, sai ya nuna ni ya ce, "Intuwishin." Na ce, "Alhaji, shekara nawa ina kawo maka shayi, yau ne ya sami suna?"

Akwai wadda ta fi ba shi dariya, got filin. Da 'yata ta ce ma'anarta abin da hanji ya ji, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Turawa a hanji suke ji? Mu jiki gaba ɗaya, Larabawa a zuciya." Ta ce mutanen surukarsa ma a zuciya suka ajiye nasu, su ke cewa korasonada. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, kowa yana da shi ke nan, ma'ajiya ce ta bambanta." Amma dariyar ba ta daɗewa. In ya ɗauka ba na kallo, hannun yana nan a haƙarƙari. Abinci ya ragu. Ya daina tankawa in an tsokane shi a lungu.

Ƙaninsa ya hau ya same shi wata rana yana maimaitawa. Ya ce, "Haba Yaya, tsararrakinka suna neman kyakkyawan ƙarshe, kai kana neman Turanci a bakin mace?"

Alhaji bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ran ɗana nake nema. In kana da shi a littafinka ka ba ni, in ba ka da shi ka matsa, ka tare min muryarta."

Ƙanin ya sauka bai yi min sallama ba. Ganin da suka yi wa juna na ƙarshe ke nan.

Da ya ga bakinsa ya faɗa, ya sa 'yata ta gano lokacin da ɗanmu ba ya gida. Ya yi wanka, ya sa farar jallabiya da hula kamar mai tafiya Juma'a, ya zauna ya miƙe baya. Aka kira, surukarmu ta ɗauki wayar da jaririya a kafaɗa, tana murmushi. Ya ce da Turanci, "Mai dota." Sai ya ci gaba. "Mai son. Big bot, no. Got filin. Bad, bad." Sai ya bugi haƙarƙarinsa da tafin hannu ya ce, "Korasonada."

Na ga murmushin ya bar fuskarta kamar an share. Ta waiga bayanta, ko da yake ba kowa a ɗakin. Ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Baba, mi tu." 'Yata ta raɗa min cewa ta ce ita ma. Ashe tun ranar da aka yi maganar jirgin ba ta barci, tana ɓoyewa don kada a ce ta tare wa miji hanyar arziki. Suka yi ta kallon juna, tsoho da yarinya, kalmomin sun ƙare, ita tana kuka shi yana gyaɗa kai.

Na ɗauka shi ke nan. Washegari ɗanmu ya kira, ransa a ɓace. "Abuya, ka haɗa ni da matata! Ta ɓoye min takalman aiki, tana kuka a gaban mutane. Na riga na sa hannu. Wallahi sai na hau."

Alhaji ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Na faɗa maka da Hausa, na faɗa da Larabci, na faɗa da nasu. Ba ni da wani yaren kuma. Allah ya tsare." Ya miƙo min wayar.

A satin ya kira mijin 'yata ya ce ya zo ya kwashe tantabarun ya kai su gidansa a unguwar Safa. Na ce me ya sa, tsuntsayen da ko Madina ba ka yarda ka bar su ba? Na faɗa ne don ya yi dariya, bai yi ba. Ya ce hawan bene ya fara yi masa nauyi. Amma bai fasa hawa ba. Kullum yana can gefen akurkin da ba kowa, malamar tana faɗa, shi ya daina maimaitawa. Ni jikina bai taɓa ba ni komai ba a rayuwata, amma duk sanda na ji muryar matar nan ita kaɗai sai gabana ya faɗi.

Ranar da jirgin zai tashi, da hantsi na hau masa da shayi. Na tarar da shi jingine da akurki, hula a kai, hannu a ƙarƙashin haƙarƙari, wayar a cinyarsa tana ta faɗin kalmominta. Na kira shi da sunan da ban taɓa kiransa da shi ba. Likita ya ce zuciya ce.

Rubuta wannan da kyau, 'yata. Ban ce ya san ranarsa ba. Ban ce ya roƙa ba. Ajali na Allah ne, ba ya gaba ba ya baya. Abin da ya faru kawai nake faɗa. Labari ya sami ɗanmu yana bakin tasha da jakarsa a kafaɗa. Ya zauna a ƙasa ya kasa tashi. Mai jirgi ba ya jiran mai makoki, aka ɗauki wani a gurbinsa, wani abokinsa ɗan Senegal mai 'ya'ya. Matarsa ta zo ta kama hannunsa ta kai shi gida. Nan ba zai iya zuwa ba, sai a can ya zauna ya karɓi gaisuwa a wurin 'yan uwa baƙi irinsa. Jirgin ya tafi ba da shi ba.

Bayan an kai Alhaji, da la'asar, muka ji fuka-fukai a saman bene. Tantabarun ne suka baro Safa suka dawo, suka jeru a kan akurki suna kallon matakala. Har yau suna nan. Na ce kada a sake kai su ko'ina.

Shekaranjiya ɗanmu ya kira. Bai gaishe ni ba. A bayansa ina jin iska da muryoyin mata da yawa. Ya ce, "Ummi, an daina jin mutanen jirgin nan. An tura masu nema." Na ji yana so ya ƙara wani abu ya kasa. Ni ma ban ce masa ubanka ya faɗa ba, kuma ba zan taɓa cewa ba. Matarsa ta karɓi wayar, muka kalli juna. Na san kalmomin duka, suna nan a bakina, amma ba wadda na iya furtawa.

Ɗana yana kan tudu, alhamdulillahi. Amma jirgin nan cike yake da 'ya'yan mutane, kuma ɗaya daga cikinsu a gurbin nawa yake kwana.

Don haka duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ina roƙon abu biyu. Ku roƙa wa mai gidana gafara, Allah ya yalwata masa makwanci, ya sa ya huta da nauyin da ya ɗauka a haƙarƙarinsa. Sannan ku roƙa jirgin nan ya shigo tasha da mutanensa cif, sun yi ƙiba, kifi ya cika shi, har lungun nan ya sake samun abin tsokana. Na san mijina. Ko a inda yake, dariyar nan za ta fi masa daɗi.